Taku Uku Baya

Jikata Tasalla ce ta ja ni.
Ta ce, "Kaka, ko sisi ba a biya."
Muka sauka a Unguwar Rimi,
wani ɗaki fari fat, sanyi kamar cikin randa,
mutane na magana ƙasa-ƙasa
kai ka ce ta'aziyya aka zo.

Shekara ashirin da shida na yi ina haɗa rini
a masaƙar Kakuri, kafin a garƙame ƙofa.
Na san shuɗi.
Na san inda ja ke ƙarewa ruwan goro ya karɓa.
To da na matsa jikin allon farko
sai na ce, wannan ai ɓarna ce:
an dangwala, an shafa, an goga, an bari,
kamar yaro ya tsinci gwangwanin fenti babu babba a gida.
Da ni na miƙa wa shugaban sashe irin wannan,
da a ranar zan karɓi takardar sallama.

"Ja da baya," in ji ta. "Taku uku."
Na ja.

Sai ga gona.
Dawa ta fid da kai, iska ta kwantar da ita gefe guda,
ga wata mata da ƙwarya a ka,
ɗigo biyu ce kawai, ja da baƙi,
amma wallahi na san tafiyar nan,
tafiyar mai kai abinci gona
tana rige-rige da hadarin gabas.
Haka Inna ke tafiya a Kujama.

Bango na biyu duk teku ne.
An ce mai zanen, Ladingo Bawa,
wata uku ta yi a Badagiri
zaune kan yashi tana gadin haske.
Ni ruwan da na sani shi ne kogin Kaduna a Agusta,
in ya cika ya yi kalar koko yana lasar ƙafar gada.
Wannan kuwa ba shi da tsallake.
Kwalekwale uku, ko huɗu,
sau biyu na ƙirga, lissafin bai zo ɗaya ba.
A cikin ruwan akwai kore, akwai makuba,
akwai wani launi da hannuna bai taɓa haɗawa ba,
na kuma ji haushin hakan har wuya.
Na miƙa yatsa.
Mai gadi ya yi gyaran murya.

Sai aka ɗauke wuta.
Kafin a tada janareta
hasken la'asar ya shigo ta taga
ya kwanta a kan tekun,
ruwan ya motsa.
Ban gaya wa kowa ba, kada a ce tsufa.

Ga abin da Tasalla ba ta sani ba:
tun bara haka nake ganin duniya.
Yana ta sauko min a ido.
Fitilun titi da dare furanni ne,
mai rake da barronsa tabo ɗaya,
ita kanta da muryarta nake gane ta
da yadda take jan silifas.
Likita ya ba ni Talata ta sama, zai kankare.
Ina ta lissafin asara,
ashe irin ganina ma akwai mai saye:
dubu ɗari takwas, ta karanta min a ƙasan allo.
Na yi dariyar da ta sa mai gadi ya sake gyaran murya.

A hanyar gida, da bas ta hau gada,
na roƙi direba ya ɗan sassauta.
Ya ce, "Baba, lafiya?"
Na ce lafiya lau.
Rana na narkewa a kogi,
masu wanki, shanu, ciyawa, duk sun shiga juna,
babu wanda ke da iyaka.
Ranar Talata za a mayar wa kowane abu da gefensa.
Na buɗe ido sosai,
na kalla har muka wuce.