Ganuwa a Ƙarƙashin Yatsa

Daren Laraba, wuta ta dawo bayan lisha.
Ige ta zauna bakin tabarmata
da wayarta mai tsagaggen gilashi,
ta ce, Kawu, ara mini yatsanka.
Ta ɗora shi kan taswirar da ake ɗauka daga sama,
muka bar Mabera ba mu sa takalmi ba,
muka haye gulbi, ƙafa ba ta jiƙe ba,
muka nausa yamma har ƙasa ta yi launin hanta,
sai ga wani zare ya kewaye daji
kamar ɗinkin da tela ya fara ya manta.
Ta ce, Surame ke nan.

Shekara talatin da ɗaya ina koyar da tarihi.
Na zana ganuwar nan da alli ya fi sau ɗari,
yara su kwafa, ɗan aji ya goge,
ni kuwa ban taɓa sa ta a ido ba.
Na yi shiru. Sauro ya samu dama.

Ta buɗe mini wani rumbu da gara ba ta ci,
takardun masu tonon kufai, har da tabon shayin wani a gefe.
Ta buɗe wani, gidan adana kayan tarihi a ƙasar sanyi:
tukunya mai wuya irin na randar kakata,
an ba ta lamba shida, ba a ba ta suna ba,
ƙarƙashinta an rubuta, ba a san maginin ba.
Akwai kuma inda matafiya ke shata sawunsu da jan layi,
nan ka juya, nan inuwa, nan ka riƙo ruwa.
Muna tsakiyar karatu data ta ƙare.
Ige ta yi tsaki. Ni ban yi barci ba.

Asabar muka shiga mota, muka ƙarasa da kabu-kabu.
Tun kafin mu isa, sabis ya sallame mu,
jan layin ya tsaya cak kamar jakin da ya ga rami.
Wani manomi, Arzika, ya jingine kalme ya dube mu.
Ya ce, mi kuka biɗa? Duwatsun ga?
Ku biyo ni, amma ku lura da ƙarangiya.

Taswira ba ta faɗi ƙarangiya ba.
Ba ta faɗi nauyin dutse guda ba,
balle na wanda ya ɗauko shi a ka, ya koma ɗauko wani.
Daga sama zare ne,
a ƙasa kuwa sai da na ɗaga kai,
gwiwata na ƙara, ƙadangare na gyaɗa mini nasa.

Gindin wata sabara na tsinci katanga, guntun tukunya,
faɗinta bai kai tafin jariri ba.
A bakinta akwai gurbin babban yatsa,
inda wata ta danna yumɓu yana ɗanye,
wataƙila ana kiranta daga ɗaki, tana cewa ina zuwa.
Na sa nawa a ciki. Ya ɗan yi mini kaɗan.

Na kai hannu aljihu, Arzika ya girgiza kai:
In kowa ya ɗauki guda, Malam,
mi jikokinmu za su ishe?
Na mayar da ita yadda ruwan sama ya kwantar da ita.
Ige ta durƙusa ta ɗauki hoto, ta sa biro a gefe don awo.

Sai da muka hango fitilun Sakkwato wayar ta farfaɗo.
Ta ce, Kawu, za a ɗora, me zan rubuta a ƙasa?
Direba na neman canjin ɗari biyar,
ƙarangiya uku na maƙale a kafar wandona.
Na ce, rubuta Arzika ya nuna mana.
Sauran ki bar wurin a buɗe,
ƙila wani ya san sunanta.