Tsibirin da Ba Teku

A teburin mai shayi na same shi, Farin Gada,
yana hura kofi kamar mai yi masa raɗa,
hular sanyi har gira, makullin babur a yatsa.
Na ce baƙo ne ni, daga Misau na kawo albasa,
motar komawa sai jibi.
Ya ce, "Hau. Jos tsibiri ce, zo ka ga bakinta."
Na ce, "Ina tekun?"
Ya yi dariya, ya taka kik sau uku.

Rwang sunansa. A kan hanya ya faɗa,
iska ta kwashe rabi, sai da ya maimaita.

Babur ɗin ya ga jiya: madubi ɗaya,
kujera ɗinke da zaren buhu,
in ya hango hawa sai ya fara tari.
Muka bar kwalta bayan Bukur,
muka kutsa tsakanin shingayen ƙerana.
Mata a kunyar dankali suka miƙe suna kallo,
wata ta ɗaga fartanya,
gaisuwa ce ko kashedi, ban tantance ba.
Duwatsu a jibge, wani bisa wani,
kamar kayan da aka sauke, mai su bai dawo ba.

Da fari ƙarfen baya na riƙe,
don ban san shi ba, kuma na sha jin labarai.
Shi ma ya ji nasa; na gani a wuyansa
duk sa'ad da na gyara zama.
Rami ne ya raba gardama:
na damƙi rigarsa, ban ƙara saki ba.

A Du fulogi ya mutu, sama ta saki ƙanƙara.
Muka tura zuwa rumfar mai faci,
gwate kwano ɗaya, cokali biyu.
Da azahar ta yi, ya nuna mini gabas da haɓa,
ya kawar da takalmana daga ɗigon rumfa
har na sallame.

Sai tafkin kuza, kore shar, ba motsi,
a tsakiyarsa ɗan tudun jar ƙasa
da itatuwa uku da ba wanda ya shuka.
Ya ce, "Kakana na cikin masu haƙa wannan.
Da ka suka kwashe ƙasar, kwano-kwano."
Na ce nawa ma nan aka kawo shi,
ya koma gida da tari da sule biyu.
Wataƙila sun miƙa wa juna kwano.
Wataƙila ko gaisawa ba su taɓa yi ba.
Muka jefa tsakuwa, ba wadda ta kai tudun.

Da la'asar sakaliya ya kashe inji a saman Hawan Kibo.
Ƙasa ta ƙare a gabanmu.
Can ƙasa gajimare ya kwanta fari fat,
manyan motoci na nutsewa ciki da fitilunsu.
Ya cire hula, ya ce, "Ga tekunka."

Ya ƙi kuɗin mai, ya karɓi albasa bakwai.
Lambarsa a tafin hannuna na rubuta,
kafin mu kai Taminus yayyafi ya cinye uku daga ciki.
Har yau ina gwada sauran,
ina gaisawa da mutanen da ba shi ba.