Rabin Lita

Litinin, Laraba, Juma'a,
tun zakara bai yanke shawara ba
nake tashar Quemchi da bargo a kafaɗa,
ina jiran motar Castro.
Ruwan sama na dukan kwano kamar yana bin sa bashi.
Tsibirin Chiloé bai san fari ba,
ni ne dai mai ƙishi a cikinsa:
rabin lita likita ya yanka mini a wuni,
har da romo, har da shayi,
har da na haɗiyar magani.

Awa huɗu na'ura na wanke mini jini.
Ina kallo ya fita ta hannun hagu
kamar yaron da aka aika,
ya zaga cikin roba, ya dawo a sanyaye.
Shekara arba'in na yi ina ƙera kwalekwale.
Na san amon katakon da ya fara ruɓa,
ba sai an faɗa mini ba.

Mu biyar ne 'yan safe.
Nibaldo Cárcamo, mai kujerar bakin taga,
ya rantse sai ya ga jikarsa ta gama makaranta.
Saura wata biyu ya tafi.
Ercilia ba ta magana, gira kawai take ɗagawa
in Yasna mai jinya ta kuskure jijiya.
Bastián, ɗan sha tara,
mai tsotsar ƙanƙara don ya yaudari maƙogwaro,
an kira shi Santiago cikin dare, wai ƙoda ta samu.
Muka yi masa tafi da hannu guda, a kan cinya.
Jikinsa ya ƙi baƙuwar.

Ba a sanar da mu.
Sai dai ka zo ka tarar da kujera
an goge ta fiye da kullum,
Yasna na duban takarda, ba ta duban kowa.

Eulogia ce ke lissafa mana dankalin gonarta:
shuɗi, ja, mai ɗigo-ɗigo kamar ƙwan tsuntsu,
mai lanƙwasa kamar yatsan tsoho,
duk abin da aka hana mu ci.
Mu haɗiye yawu, mu yi dariya har na'ura ta yi ƙara.
Larabarta ta ƙarshe ta turo mini ƙunshi da ƙafa:
"Aladino, iri ne. Kar ka dafa."

A Oktoba na shuka, bayan gida,
kunya huɗu, ina yi ina hutawa kan bokiti.
Orfelina matata ta ce na zautu,
ina noman abin da ba zan ci ba.
Na kafa guntun katakon jirgi a kan kowace kunya,
na rubuta suna da ragowar fenti.

Da yamma nakan je in ba su labari:
Yasna ta haihu, namiji,
kujerar taga an ba wani malami mai minshari.
Kunyar Nibaldo ta fi ganye, surutu kamar mai ita.
Ta Ercilia shiru, sai ƙasa da ta tsage.
Ta Bastián ta yi fure da wuri, sanyi ya ƙone shi.
Nan na zauna na yi kukan da ban yi a asibiti ba.
Shi ma ruwa ne,
likita bai sa shi a lissafi ba.

A Maris na tone, na raba wa masu jinya.
Ɗaya na ɓoye, shuɗi, daga kunyar Eulogia.
Orfelina ta yanka siriri, ta jiƙa ya kwana,
ta tafasa sau biyu tana zubar da ruwan
har ɗanɗanon ya kusa gudu.
Na ci a tsaye, ba gishiri.

Akwai sauran fili gefen shinge,
daidai kunya ta biyar.
Orfelina ta gan ni ina auna shi da ido.
Ba ta ce uffan ba,
ta kwaso tukwanen furanninta ta jere a wurin.
Ban hana ta ba.

Gobe Juma'a.
Bargo na kan kujera,
mota ƙarfe shida.