Rabin Numfashi

Ƙarfe huɗu saura kwata nake jan igiya.
Shekara ashirin da shida,
tafina ya san kaushinta fiye da fuskar uwata.
Ƙararrawa ta gangara tsaunukan arewacin Fotugal,
ta tada karnukan makiyaya a kwari,
sannan mu,
mu goma sha ɗaya a gidan zuhudu,
baƙaƙen riguna cikin baƙin dare,
muna jan ƙafa kan daɓen da ya kwana da ƙanƙara.

Sahu biyu ne, fuska da fuska.
Nan a ɗauki aya, can a amsa,
kamar magina masu miƙa wa juna tubali.
Sai Telmo.
Ɗan'uwa Telmo mai kiwon zuma,
kullum rabin numfashi a bayanmu.
Mun sauka kan amin, shi yana tafe,
muryarsa ita kaɗai a rufin coci
kamar akuyar da aka rufe garke ba ita.

Na fara ƙirga.
Addu'ar dare, ya makara. Ta hudowar rana, haka.
Ta hantsi, ta tsakar rana,
ta yamma da ake kunna kyandir,
har ta kwanciya, wadda bayanta ba a magana.
Kwana arba'in bakina na yabo,
cikina na rubuta bashi.

Ƙa'idar gida ta ce: ka same shi shi kaɗai
kafin kunnen shugaba ya ji.
Na same shi bayan abincin rana
a gindin itatuwan zaitun, hayaƙi a hannunsa,
zuma na yawo a kafaɗarsa kamar 'ya'yan gida.
Na ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.
Na ce addu'a igiya ce, kowa da zarensa.
Na faɗi abin da na shirya, har da ƙari.

Ya juyo da kunnen dama, ya matso.
Da na gama ya durƙusa kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.
"Allah ya saka, Ɗan'uwa Abílio. Gaskiya ce.
Tun zazzaɓin bara na hagu ya mutu,
na daman ma yana haɗa kayansa.
Na ɓoye, kunya ta hana ni, laifina ke nan.
Ba na jin ku.
Kai ne a gabana, bakinka nake karantawa.
Sai dai kwanakin nan ka matse shi,
kamar mai tauna ɗaci,
da ƙyar nake tsinto kalma."

Wata zuma ta sauka a hannuna. Ban kore ta ba.

Laifi tudu ne.
Na hau nawa kwana arba'in ina hangen nasa,
ashe shi a ƙasa yake, yana dubana
kamar mai jiran a miƙo masa fitila.

Ran Juma'a, a zauren da muke faɗin kurakurai,
bayan wanda ya fasa tulun mai
da wanda ya yi dariya lokacin shiru,
na kwanta rub da ciki a gaban Uba Gaudêncio.
Na ce na yi rowar bakina.
Tsohon bai tambayi bayani ba.
Ya ce, "Tashi. Ka wanke tukwane har Lahadi."
Telmo ma ya faɗi nasa. Aka sa ranar ganin likita.

Yanzu da dare ina buɗe baki
har haƙoran da suka rage suna jin sanyi.
Sabbin 'yan'uwa na satar kallona, su sunkuya.
Bai daina makara ba.
Rabin numfashin na nan.
Ni ne dai na koyi tsayawa a bakin amin,
riƙe da ƙofa,
har ya iso.