Masu Gadin da Suka Karɓi Goro

A Wad Madani, ɗaki na bakwai,
Likita Ikhlas ta ɗaga hoton kan Yaya Sabi'u
ta kara shi da hasken taga.
Wani farin tabo, bai fi ƙwallon dabino ba.

Ta ce akwai masu gadi a ƙwaƙwalwa,
ƙanana, masu yatsu barkatai,
aikinsu shara da cafke baƙo.
Amma wannan baƙon ya iya bakinsa,
ya miƙa musu goro,
yanzu su ke share masa hanya.

Sai ta taɓa wuyanta, nan ƙasan maƙogwaro.
Daga nan, in ji ta, saƙo ke bin jini
ya hau sama ya raɗa musu magana.
Ko tashinsu yake, ko lallashi,
ba mu gama sani ba tukuna.

Na yi shiru.
Shekara ashirin yayana na gadin rumbun auduga a Jazira,
ko akuya ba ta taɓa wuce shi ba.

Da dare ina shafa masa man riɗi a wuya,
ya farka,
ya kira ni da sunan innarmu,
ya ce, an dai kulle ƙofa?