Batir Ba Ya Cewa A'a

Ƙarfe huɗu, duhu ya riga ya sauka a Gdansk.
Taragon lantarki ya wuce, gilasan kantina suka yi rawar ɗari,
sai ga Bogumil ya turo ƙofa da kafaɗa,
ƙanƙara a gira, tari na gaba yana biye.

Shekara talatin da ɗaya yana walda inda ake ƙera jiragen ruwa.
Sigari ya fi haka daɗewa a bakinsa,
bara likita ta raba su, rabuwa ba sallama.
Yanzu ƙarfe yake zuƙa, mai ɗanɗanon tuffa,
yana mitar tururin bai taka kara ya karya ba.

"Jagoda, ba ni irin ta jikana,
wadda in ya busa sai ki neme shi ki rasa."

Na ɗauko. Naɗin waya ne, bai kai ƙwayar wake ba,
an cusa masa auduga kamar mai ciwon kunne.
Na ɗora a mita: sifili, ɗigo, ɗaya, biyar.
Na ce, to, mu ga batirin.

Ya zaro shi daga aljihun da makullai ke kwana da tsabar kuɗi.
Rigarsa ta yage a wuya, ƙarfe na leƙe.
Daga tsohuwar tocila ya ciro, in ji shi,
kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Ban yi wa'azi ba.
Mai walda za a gaya wa zafin wuta?
Na juya bayan rasit, na miƙa biro.
Bolt huɗu da ɗigo biyu, raba da abin da mita ta faɗa.
Ya yi lissafin da leɓe, kamar mai addu'a a bencin coci.
"Ashirin da takwas."
Na ce, amfiya ke nan. Naka goma yake iya bayarwa,
shi ma a zamanin samartaka.

Wayar nan ba ta da birki, baba, ƙofa ce a wangale.
Ta roƙa, shi kuwa ba ya cewa babu.
Zai bayar, ya yi ɗumi, ya bayar, ya yi zafi,
ya kumbura a tafin hannunka
daidai lokacin da ka kai shi baki.

Ya daɗe yana juya batirin,
babban yatsansa na shafa inda rigar ta yage.
A waje, ƙugiyoyin lodi sun sunkuya kan ruwa.

"Wieslawa," ya ce, ba da ni yake ba.
"Aiki biyu, uwata a gado, yara uku, ga ni.
Ko sau ɗaya ban ji ta ce ta gaji ba.
Ranar wata Talata ta zauna a matakala da jakar dankali,
hawa na uku.
Ni da na san nauyin da kowace waya ke ɗauka,
ban taɓa duba nata ba."

Ba ni da amsar wannan a kan kanta.
Na ba shi mai om ɗaya da ɗigo biyu,
mai ɗan taurin kai, mai karɓa kaɗan-kaɗan,
da sabon batir a akwatinsa na roba,
kada ya sake kwana da makullai.
Tsohon, shi da kansa ya naɗe bakinsa da salatif
ya sa a kwandon matattu, a hankali.

A bakin ƙofa ya gwada.
Ɗan tururi, bai fi na kofin shayi ba.
Na ga fuskarsa sarai ta cikinsa.

Da na zo rufewa wayata ta yi ƙara.
Mai kanti ne: "Asabar ma ke ce, ko? Ta biyar ke nan, na sani."
Hannuna ya yi ɗumi.
Na rubuta haruffa biyu da ɗan wutsiya a tsakani,
na tsaya ina kallonsu
har tarago biyu suka wuce.