Mai Riƙon Tambari

Mu goma sha tara ne a rumfar Bagalam ranar zaɓe,
hannu goma sha ɗaya ya tashi da sunana.
Aka miƙo mini tambari, da littafin kuɗi mai shuɗin bango,
da makullin ɗakin da ake bin mu hayar wata uku.
Nomau ya ce, "Shugaba, ga rawaninki,
sai dai ba ya tare rana."

Ni da na saba zama a gefen tabarma
ina jiran mai shiru ya ga damar magana,
yau lissafi nake lallashi.
Jika arba'in a akwati.
Man babur zuwa Safo, zuwa Gabi, zuwa Ɗan Isa.
Ƙwayar farfaɗiya saura kwali biyu,
ciwon kuwa bai san ƙarshen wata ba.

Masu tallafi sun aiko takarda mai gida-gida.
Mutum nawa? Mata nawa? Nawa suka warke?
Na duba gidan da zan sa Ɗan Jimma,
shekara shida da mari a gindin bedi.
Ran da maƙeri ya sare ƙarfen, ƙin tashi ya yi,
ya ce ƙafar ba ta ji labari ba tukuna.
Sati uku Barira na zuwa ta zauna kusa da shi,
ba ta ja shi ba, ba ta ce masa tashi ba,
har ran da ya taka da kansa zuwa bakin rijiya.
Na riƙe biro na daɗe.
Na rubuta: ɗaya.

Taron wata ba ya ƙarewa sai da ƙura.
Sahura ta ce allura, Malam Iliyasu ya ce tofi,
kowa ya juya wa kowa kafaɗa.
Na bari shayi ya kai na uku, sannan na ce,
"Babur ɗaya gare mu.
Gobe ku hau shi ku biyu, ku ƙarasa gardamar a hanya."
Sun dawo da yamma ba su shirya ba,
amma yarinyar Jiratawa ta ci tuwo, ta yi barci.

A kasuwa wata ta nuna ni da haɓa:
"Ga uwar mahaukata."
Na sayi albasata.
Bayan sallar isha'i sai ga ta a ƙofar gidana,
lulluɓe har ido, tana tambaya ƙasa-ƙasa
ko muna duba namiji babba
wanda ya daina fita tun da shagonsa ya ƙone.

Daren Talata, ƙarfe biyu, waya.
Barira ce.
Wata huɗu tana sauraron matan da suka tsallako iyaka
ba shanu, ba maza, ba takalmi.
Ta ce, "In na rufe ido, a bakinsu nake kwana.
Na zuba wa ɗana gishiri a koko."
Ban ce ta yi haƙuri ba.
Haƙuri ne ya kai ta nan.
Na ce, "Rijiya ma sai da yasa."
Na soke fitar Laraba, na rufe ɗakin da mu a ciki,
masu jin na kowa, kowa ya faɗi nasa.
Nomau mai ban dariya shi ya fara kuka.
Ba a tambaye ni nawa ba,
ni ma ban ɗaga hannu ba. Wannan laifina ne.

Gulbi ya ƙafe tun watan jiya,
yara na tona yashi kamu biyu suna cika tulu.
Ta nan nake bi in na rasa abin biyan haya.

Jiya Ɗan Jimma ya zo da ƙafarsa,
tabon mari na leƙowa ƙarƙashin wando.
Ya ajiye tiya guda ta gujiya a kan teburina,
daidai kan takardar masu tallafi,
ya ce noman bana ne, a ba ƙungiya.
Na buɗe littafi mai shuɗin bango.
Ba kuɗin shiga ba ce, ba bashi ba ce.
Na ɓare ɗaya, na tura wa Barira sauran,
tambari na gefe, tawadarsa ta bushe,
sai na huro masa numfashi kafin ya kama.